Kayan Tace Ruwa Daga Gidan Takaba

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025. Bungudu.

Burtsatse ya ƙara ja da baya. Da safe ya kawo ruwa kamar na bakin buta, kafin hantsi ya fara tari da iska. 'Ya'yan tarwaɗa na cikin kwami biyu na siminti, kuma tarwaɗa inda take ci nan take kashi. In ba a canza mata ruwa ba, kashinta ne zai kashe ta.

Tun azumi na ce wa Hajiya Madina kar a kawo 'ya'yan kifi sai damina ta sauka. Ta ce ta riga ta biya. Gonar tata ce, kuɗin sallamarta na aikin gwamnati ta zuba a ciki, ni ɗan aiki ne. An kawo su.

Yau ta zo daga Gusau, ta leƙa kwamin, ta ce, "Malam Yahuza, in wannan zubin ya lalace rufewa zan yi in sa kaji." Ba da faɗa ta faɗa ba. Rabona a cikin kifin yake, ba ni da albashi. In suka mutu, hannu biyu zan koma Haɗejiya.

Can ambaliya ta kwashe mini kwamina ta koro ni. Nan kuma rashin ruwa. Sai ka ce ni ake bi.

Laraba, 9 ga Afrilu

An kawo famfo mai aiki da sola da duro uku. Shawarar Hajiya ce, kuma shawara ce mai kyau, ba zan hana ta ba: tunda ba mu da ruwan canji, a riƙa juya wanda muke da shi, ya fita daga kwami, ya ratsa duro, ya dawo a tace.

Matsalar abin da za a zuba a cikin duron ce. Ƙwallayen roba da soso da tsakuwa, duk ana samun sababbi a Gusau. Amma ba robar ke tace guba ba. Yauƙin nan ne mai ruwan ƙasa da ke kama jikinta a hankali, ƙwayoyin halitta ne a cikinsa masu cinye gubar kashin kifi. Sabuwar roba sai ta fi wata guda kafin ta yi yauƙi. Kifina ba su da wata guda.

Sai dai a sami tsohuwa, wadda ke cikin aiki, a ɗauko ta da ranta. Hajiya ta ce akwai wani a Tsafe, Malam Abdulsamad, da ya yi irin wannan kiwon, ya rasu kafin azumi. 'Yan'uwansa na neman mai sayen kayan don a raba gado.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na je Tsafe. Mota biyu, ɗaya zuwa Gusau, ɗaya daga can. Ƙafata ta kwanta a hanya.

Ƙanin marigayin ne ya tare ni, Lukuman, direban a-kori-kura, mutum mai dariya tun kafin a ba da labari. Yana jin maganata ya ce, "Kai wanga harshe naka na gabas ne." Na ce Haɗejiya. Daga nan sunana ya ɓace, na koma Bahaɗeje.

Matar marigayin, Maijidda, tana takaba, don haka ban gan ta ba, ban kuma nemi ganinta ba. Ta ƙofar baya muka shiga wajen kwamin.

Allah ya jiƙan mutumin nan, ya san aikinsa. Duro uku a jere ƙarƙashin rumfa, ruwa na zuba a hankali. Na sa hannu na ɗebo. Ƙwallayen roba, da murafan gorar lemo da ya huhhuda da kansa, duk sun yi yauƙi mai kauri. Na sunsuna. Ƙanshin ƙasa bayan ruwan farko, ba ɗoyi. Rabona da in ji daɗin wani abu a ƙasar nan kamar haka na manta.

Mun daidaita. Ba zan iya ɗauka yau ba, sai an kwashe sauran kifin kwamin, sai kuma babban wansu ya amince tunda kayan gado ne. Lukuman zai kawo mini ran Laraba.

Na ce masa, "Ka zuba su a jarka da ruwansu. Kar rana ta taɓa su, kar su bushe, kar a wanke."

Ya ce, "Datti za ka saye da kuɗinka?"

Na ce, "Dattin nake so."

Ya yi dariya har yana riƙe ciki. Sai wayarsa ta yi ƙara, ya kara a kunne, yana gyaɗa mini kai yana cewa, "Awo, awo, na ji."

Litinin, 14 ga Afrilu

Zafi. Ruwan kwami kamar an ɗora a wuta. Na ƙara zana a kan rumfa.

Laraba, 16 ga Afrilu

An kawo kayan.

A buhu. Buhuna masu kyau, an ɗinke bakinsu da zare. Tun daga nesa na ga ba jarka a bayan motar.

Na farke ɗaya. Ƙwallaye baƙaƙe suna sheƙi, murafan gora kowane da launinsa, ja, kore, shuɗi, kamar yau aka ɓalle su daga kwalba. A bushe ƙayau. Ƙamshin garin sabulu ya bugi hancina.

Lukuman na tsaye yana jiran yabo. Ya ce, "Ka gani? Kwana biyu Yaya Maijidda da matan gida suna wanki, ɗai ɗai, da burushi. Ta ce kayan mijinta ba su hita gidan da ƙazanta, a ce ya mutu an bar mashi kaya haka nan."

Na ce, "Me na gaya maka ran Asabar?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce shi dai ya aika ciki cewa an sayi kaya, a shirya. "To mi za ni ce ma mai takaba? In ce mata baƙo na son dattin mijinki?"

Akwai maganganu da suka zo mini baki. Na haɗiye su, na shiga ɗaki na zauna har ya gama sauke buhunan. Na fito na ba shi kuɗin. Ya karɓa yana kallona kamar bai san ko ya yi godiya ba.

Abin da na tafi Tsafe saya an kashe shi da sabulu, an shanya gawarsa a rana, an ɗinke mini a buhu.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Hajiya a waya: a mayar musu, a karɓo kuɗi.

Na ce ba zan mayar ba. Kayan marayu ne. Kuma a idonsu roba suka sayar, roba suka kawo, har da gyara. In na tsaya gaban babban wansu na ce na fasa don an wanke, wa zai gane? Ni ne na bar saƙo a bakin mutumin da waya ke kunnensa.

Ta ce, "To kai ka sani." Ban san ko yarda ce ko barazana ba.

Mutanen nan. Za su yi maka ɓarna da kyakkyawar zuciya, su bar ka ba ka da wanda za ka zaga.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Wuni na yi ina ɗauraya. Sabulu guba ne ga kifi ko da kaɗan, kuma ya shiga kowane rami na ƙwallayen nan. A jiƙa, a zubar, a sake jiƙawa. Ruwan da ya kamata in canza wa kifi, shi nake wanke wanki da shi.

Ko masallaci da ƙyar na samu sahun baya.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Na zuba su a duro, na tayar da famfo. Ruwa na zagayawa, ido na ganin aiki, amma ba abin da ke faruwa a ciki. Roba ce kawai ruwa ke wucewa ta kai.

Kwalbar gwaji: a ɗebi ruwan kwami, a ɗiga magani, in ya yi rawaya lafiya, in ya yi kore guba ta taru. Ya yi kore mai haske.

Na rage musu abinci zuwa sau ɗaya a rana. Ƙarancin ci, ƙarancin kashi. Da na zo wucewa sai su taso gaba ɗaya bakin kwami suna buɗe baki. Ina kauda kai.

Talata, 22 ga Afrilu

Kore sosai.

Sun fara tsayuwa. Duk wanda ya yi kiwon tarwaɗa ya san wannan tsayuwar: kai sama, wutsiya ƙasa, gemu a saman ruwa, ba motsi. Da safe na kwashe matattu rabin bokiti daga kwami na biyu.

Hajiya ta turo tankar ruwa daga Gusau. Na canza rabi. Ta ce ba za ta iya haka kullum ba, kuma gaskiyarta ce.

Laraba, 23 ga Afrilu

Matata Mansura ta kira daga gida. Wai rufin ɗakin Inna yana so a gyara kafin ruwa, wai 'yarmu Halima ta fara tambaya ko babanta a waya yake zaune. Na ce komai lafiya. Ta ce, "Muryarka ba ta ce haka ba." Na ce zafi ne.

Bokiti ɗaya yau. Na haƙa rami bayan katanga.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Lukuman ya kira har sau uku kafin in ɗauka. Ba dariya a muryarsa. Ya ce ya je ya ba da labari a gida, wai don a yi raha, cewa Bahaɗeje na fushi an wanke masa datti. Maijidda ta tsare shi da tambaya har ya faɗi duk abin da na ce ran Asabar ɗin. Tun daga nan ba ta yi masa magana ba sai jiya, da ta ce ya nemo ni.

Na ce ba ni da lokacin zuwa karɓar ban haƙuri, kifina na mutuwa.

Ya ce, "Ba haƙuri ba ne. Ta ce ka taho da jarka."

Asabar, 26 ga Afrilu

Doguwar rana. Bari in rubuta kafin in manta yadda ta tafi.

Na isa Tsafe da hantsi. Aka ajiye ni a zaure, Lukuman a gefena. Ita tana bayan ƙofar cikin gida, ban ga ko yatsanta ba. Murya ƙasa ƙasa, sai na karkata kai nake ji.

Ta yi mini sannu da hanya. Na yi mata ta'aziyya, wadda ya kamata in aika tun zuwan farko ban aika ba.

Ta ce, "Malam, an ce na kashe maka kaya."

Na ce, "Ba ki sani ba ne."

Ta ce, "Na sani mana. Shekara nawa ina ganin shi yana hana yara taɓa duron nan. Ya ce ko hannu mai sabulu kar a sa. Amma da anka ce an saye, na ɗauka robar ake so a kai wani wuri. Ban so baƙo ya ɗauki kayanshi yana toshe hanci."

Lukuman ya buɗe baki, ta ce, "Kai ka yi shiru." Ya yi shiru. Wannan kaɗai ya biya ni kuɗin mota.

Sai ta ce akwai ƙaramin duro a cikin gida, bayan madafa, da ba ya cikin kayan gado don ita ya bar wa tun yana raye. Yana tace wa manyan tarwaɗa 'yan kaɗan, iyaye, waɗanda yake ɗibar ƙwai a jikinsu. Tun da ya rasu ita ke ba su abinci, ba ta taɓa kashe famfon ba. Ta ce a ɗibar mini rabi.

Na ce rabi ya yi yawa, naki kifin fa? Ta ce, "Manya ne, suna da ƙarfi. Naka yara ne."

Na sa hannu a aljihu. Ta ji motsin ko ta yi zato, ta ce, "Ka riga ka biya, Malam."

Matan gida suka fito da shi a bokiti. Ruwan ƙasa, mai yauƙi, mai ƙanshin nan. Na zuba a jarkoki biyu da na yanke wa kai, da ruwansa, muka rufe da jiƙaƙƙen buhu, muka ɗora a motar Lukuman.

Kafin Kwatarkwashi muka tarar an tsayar da motoci. Sojoji na bincike, layi ya yi tsawo, rana a tsakar ka. Abin cikin jarka numfashi yake yi kamar kowa. In ruwan ya tsaya cik ya yi zafi, zai mutu kafin mu kai. Na hau baya na fara ɗebo ruwan da kofi ina zubawa daga sama don iska ta shiga. Lukuman ya kalle ni, ya cire rigarsa, ya jiƙa da ruwan shansa ya lulluɓa wa jarkar da ke rana, ya karɓi ɗayan kofin. Katon mutum da singileti a bayan mota yana shayar da datti iska. Mutanen motar da ke bayanmu suna ta kallo.

Da muka iso gaba, soja ya ɗaga buhun ya leƙa, ya ja baya. Ya ce mene ne wannan.

Lukuman ya ce, "Ranka ya daɗe, datti ne. Na wanga Bahaɗejen. Can garinsu da tsada yake."

Sojan ya dube ni, ya dubi jarkar, ya ɗaga mana hannu.

Bayan la'asar muka shiga Bungudu. Na sunsuna kafin in zuba. Da sauran rai, ina jin. Na raba a duro ukun, na cakuɗa da wankakkun don ya kama su. Lukuman ya ƙi tafiya sai da ya ga ruwa ya zagayo. Ya ce yaushe za a ga aiki. Na ce ba a gani.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Kore. Rabin bokiti.

Talata, 29 ga Afrilu

Kore har yanzu. Ko ya ɗan yi haske, ko idona ne ke so.

Na rasa wajen kashi ɗaya cikin uku na kwami na biyu. Na farko ya fi dama. Hajiya ta turo tanka ta biyu ba tare da na roƙa ba, ta zo da kanta ta tsaya a rana har aka gama juyewa. Ta yi tambaya a kan matar Tsafe. Na ba ta labari a taƙaice. Ta ce, "Ikon Allah," ba ta ƙara maganar kaji ba. Ba ta kuma ce ta fasa ba.

Juma'a, 2 ga Mayu

Uku kawai suka mutu. Na ƙirga don ban yarda ba.

Talata, 6 ga Mayu

Tsakanin kore da rawaya, kalar ɗanyen lemun tsami da ya fara nuna.

Na ciro murfin gora ɗaya daga cikin wankakkun, ja ne. Ya fara santsi a hannu. Na mayar da sauri.

Lukuman na kira kullum yanzu. "Bahaɗeje, wane launi?" Na ce masa ya daina cinye mini caji. Gobe ma zai kira.

Asabar, 10 ga Mayu

Rawaya.

Na sake gwadawa da wata kwalbar. Rawaya. Na mayar musu da abinci sau biyu. Yadda suka yi wa abincin nan rubdugu har ruwa na fantsamo mini a fuska.

Ba zan samu abin da na yi lissafi ba. Amma akwai kifi a kwami. Rufin Inna zai jira kaka.

Litinin, 19 ga Mayu

An yi yayyafi jiya, burtsatse bai sani ba tukuna. Duron tsakiya ya fi sauran kamawa, ƙwallayensa sun koma ruwan ƙasa gaba ɗaya, sai ka rantse ba a taɓa sa musu sabulu ba.

Hajiya ta ce in fara tunanin zubi na biyu. Na ce sai mun gani. Ban yi alkawarin tsufa a Bungudu ba.

Alhamis, 22 ga Mayu

Lukuman ya biyo da lodin taki zai kai wani ƙauye, ya tsaya shan ruwa. Yana ta surutu, kifin sun yi girma, shi ne ya cece su da rigarsa, a ware masa kasonsa. Can cikin magana ya ce, "Ai gara naka, na Yaya Maijidda babbar ta tahi."

Na ce wace babbar?

Ya kama bakinsa. Wai an ce kar ya faɗa mini. Bayan an ɗebe rabin duronta, ruwan ya ɓaci a makon zafin nan. Babbar macen, wadda marigayin ya fi ji da ita, ta yi tsayuwar nan kwana biyu, ta mutu. Sauran ma ba sa ci sosai. Maijidda na canza musu ruwa da na rijiya, da guga, ita kaɗai.

Na ce me ya sa ba a kira ni ba?

Ya ce, "Ta ce kana da naka."

Ya tafi, na zauna bakin kwami. Ni na san rabi ya yi yawa. Na faɗa sau ɗaya, aka ce mini a'a, na karɓa da sauri.

Asabar, 24 ga Mayu

Na gaya wa Hajiya zan je Tsafe duba iyayen kifi, ko za mu samu ƙwai a wajensu don zubi na biyu, ya fi a sayo daga nesa. Ta ce, "Da ka ce sai mun gani." Na ce ai dubawa ce kawai.

Lukuman zai zo da hantsi. Na ce masa ya zo da riga biyu.

Na cika mata jarkoki da ƙwallaye masu yauƙi da ruwansu, na haɗa da kwalbar gwaji ɗaya, zan nuna wa matan gida yadda ake ɗigawa su nuna mata. Sai na riƙa leƙawa duk mako har ruwan ya daidaita, tunda in aka bar wa Lukuman saƙo an san inda yake ƙarewa.

Daga duron tsakiya na ɗiba. Shi ya fi kusa da hannuna.